Dish ɗin kama tashoshin Sifaniyanci a Jamus: amsa ga ɗan'uwan da ya taso daga Valencia

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, sannu da hijira ta biyu. Na karanta bayaninka, kace shekara tara kayi a Valencia kafin aiki ya dawo da kai Hamburg, yaranka biyu can aka haife su can suka fara makaranta, yanzu Jamusanci ya fara cinye musu Sifaniyancin, uwargida ita kuma tana kewar labarai da wasannin da ta saba kallo da yamma, shine kake tambaya wane dish da wace risiba zaka saya, kuma wai wani abokinka yace ka nemi Hispasat kawai tunda shine tauraron ƴan Sifaniya. Toh ni dai sana'ata kenan, tun a gida nake hawa kwanon mutane ina ɗaura musu Nilesat da Arabsat kafin Allah ya kawo ni ƙasar nan naci gaba da abinda na iya, dan haka bari in faɗa maka yanda abin yake, amma dan Allah ka riƙe kuɗinka a aljihu tukuna har ka gama karantawa.

Abokin naka ba ƙarya yayi ba, labarinsa ne ya tsufa. Da can a Sifaniya kamfanoni biyu ne suke gasa, Canal Satélite Digital yana kan Astra, Vía Digital yana kan Hispasat, a 2003 suka haɗe suka zama Digital+, sai ya zamana ana watsa abu ɗaya a taurari biyu dan kar a sa mutane juya dish. Daga baya Telefónica ta saye shi a 2015 ya koma Movistar+, sannan a ƙarshen 2017 suka sauka daga Hispasat gaba ɗaya suka tsaya a Astra. Kaga kenan wanda ya ɗaura dish ɗinsa tun zamanin da, ko ya karanta wani tsohon rubutu a intanet, har gobe Hispasat zai ce maka. Sunan ma yana ruɗar mutane. Yau in ka juya dish zuwa Hispasat, wato digiri 30 yamma, kayi sikanin, abinda zai cika maka jeri tashoshin Fotugal ne na MEO da NOS, su ma a kulle, sai ɗaiɗaikun na kyauta a tsakani. Wanda ya dace ka fara dashi shine Astra na digiri 19.2 gabas, na kamfanin SES da ke Luxembourg, kuma abin daɗin shine wannan tauraron dai shi Jamusawa suke kallon tashoshinsu na ƙasa, ARD da ZDF, a kai, duk dish ɗin da ka gani a barandar maƙwabta yawanci can ya kalla.

Shi yasa abu na farko da zance kayi ko sisi baya ci. Je bayan talabijin ɗinka ka duba soket ɗin da ke jikin bango. In rami biyu ne kawai, ɗaya na TV ɗaya na rediyo, mai yiwuwa kebul ne gidan yake dashi. In kuma akwai na uku mai zare-zare kamar bakin noti an rubuta SAT a kai, toh akwai dish na gida gaba ɗaya a saman bene, kuma kusan ko da yaushe Astra 19.2 ne. Yawancin talabijin da ake sayarwa a nan suna da risiba a cikinsu, zakaga an rubuta DVB-S2 a bayan ko a takarda, ka sa waya kayi sikanin shikenan. Sai dai akwai wani tarko ƙarami, talabijin ɗin in ka zaɓi ƙasa Jamus sai ta ɗora maka jerin da aka riga aka shirya, tashoshin Jamus a sama, na waje kuwa ko ta jefa su can lamba ɗari bakwai da wani abu ko ma ta ƙi nuna su. Akwai wani bawan Allah da ya kira ni in zo in ɗaura masa sabon dish saboda matarsa ƴar Colombia ce, na shiga falo na ɗauki rimot, na goge jerin nayi cikakken sikanin na zaɓi tashoshin kyauta kaɗai, minti goma sai ga TVE, tashar gwamnatin Sifaniya, tana magana. Shekara biyu suna zaune da ita a cikin talabijin basu sani ba. Shayi kawai na sha na karɓi kuɗin mai na tafi. In gidan naku irin tsarin waya ɗaya ne da ake cewa Unicable, sai ka tambayi mai kula da gidan lambar da aka ware wa ɗakinka da firikwensinta, kar ka zaɓa da ka, dan in ka hau lambar maƙwabci kai da shi duka hoto zai dinga yankewa.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci, kuma ita ce mutane basa son ji. Ka zauna da uwargida da yaran ku rubuta sunayen tashoshin da kuke so a takarda, dan cewa "tashoshin Sifaniyanci" kawai ba zai kai ka ko'ina ba. Nasan abinda zai fito a takardar, La 1, Antena 3, Telecinco, laSexta, Cuatro, yara kuma suce Clan saboda katun. Waɗannan a Valencia kyauta kuke kallonsu ta eriya, amma a tauraro a kulle suke. Suna nan a kan Astra cikin kunshin Movistar Plus+, dish ɗinka zai kama siginarsu tsaf har sunan ya fito a jeri, ka danna sai baƙin allo. Dalili kuwa haƙƙin mallaka ne, tashar da ta sayi fim ko wasan ƙwallo dan ta nuna a Sifaniya kaɗai ta biya, in ta sake shi a buɗe daga Lisbon har Warsaw kowa zai gani. Shi kuma Movistar kwantiraginsa na mazauna Sifaniya ne, da adireshin can da asusun bankin can, kuma katin da dikodarsu tare suke aiki, ba zaka zare katin ka sa a wata risiba ba. Akwai masu barin kwantiragi da sunan ɗan'uwa su ɗauko dikodar a jaka su taho da ita, a fasahance tana aiki tunda siginar Astra ta rufe Jamus, amma ya saɓa wa sharaɗin da aka sa hannu a kai kuma duk randa ta samu matsala ba wanda zai zo maka Hamburg gyara. Haka ma tsarin nan na TDT, wato tashoshin eriya na kyauta, da ake watsawa ta tauraro a kan Hispasat, an yi shi ne dan ƙauyukan Sifaniya da eriya bata kaiwa, sai mai sakawa mai rajista ya tabbatar da adireshi ake buɗe akwatin.

Abinda zaka samu a buɗe shine TVE Internacional, wadda gidan talabijin na gwamnati ya buɗe tun 1989 dan ƴan ƙasar da ke waje, tana kawo Telediario, wato babban shirin labaransu, da shirye-shiryen da gidan, wato RTVE, ya yi da kansa daga La 1 da La 2, sai 24 Horas ta labarai zalla. Bayan su akwai na yankuna, na sha kama wa mutane Canal Sur ta Andalusiya, da ta Aragón, da ta Extremadura, da ta Galisiya, amma ita ta Galisiya ka sani da yarensu na Galego suke magana, yaranka zasu ji rabi su rasa rabi. Akwai kuma na wasu ƙasashe da suke watsawa da Sifaniyanci, irin su teleSUR daga Caracas, da Cubavisión Internacional, da CGTN ta ƴan China. Su waɗannan ƙananan shiga suke suna fita, yau kwantiraginsu da tauraro ya ƙare gobe sun koma wani firikwensi, shi yasa ban rubuta maka lambobi ba, in na rubuta bayan wata shida sai kace na yaudare ka. Ka shiga KingOfSat ko LyngSat, shafukan intanet masu jera tashoshin kowane tauraro, ka zaɓi Astra 19.2, ka tace ta harshe, ka duba waɗanda ba a kulle ba, ka kwatanta da takardarku. Sannan ka duba Hispasat da Hot Bird na digiri 13 haka nan. In ba ka ga wata tasha da ranka ke so wadda take Hispasat kaɗai ba, ka manta dashi, ka huta.

Na Latin Amurka kuwa, irin su Caracol da Televisa da Telemundo, kar ma wani ya ce zai sayar maka da ƙaton dish ka kama. Taurarinsu suna can yamma sosai, daga Hamburg wasu suna gogar ƙasa wasu sun faɗa bayan duniya, kuma hasken nasu ma Amurka aka haska shi. Girman dish baya maganin wannan.

Toh mu ɗauka gidanku babu dish sai ka ɗaura naka. Kafin kaje shago ka fita baranda. Duk taurarin nan a saman layin da ya raba duniya biyu suke tsaye, nisan kilomita 35,786, dan haka daga Jamus kudu ake kallo. Hanya mafi sauƙi da nake kwatanta wa mutanenmu ita ce alƙibla. A Hamburg alƙibla tana wajen digiri 133 a kamfas, Astra yana wajen 169, wato ka tsaya kamar zaka tada sallah ka ɗan karkata dama kaɗan, Hot Bird yana 176 dab dashi, shi kuwa Hispasat yana wajen 226, saitin kafaɗarka ta dama kenan. Ko ka lura da rana, in tana shigo maka baranda wajen sha biyun rana kana da Astra, in tana nan har wajen uku da rabi na la'asar kana da hanyar Hispasat. In barandarka arewa take kallo, toh sai dai rufin gida ko intanet, babu wata dabara.

Sai tsayi, kuma anan ne wanda ya koyi aiki a gida yake shan mamaki. A Kano in kana neman Nilesat dish ɗin sama yake kallo kamar an shanya tire, dan tauraron yana sama da digiri 60. A Hamburg Astra digiri 28 ne kacal daga ƙasa, Hispasat kuma wajen 19. Ma'anarsa in akwai gini ko bishiya a nisan mita goma daga dish ɗinka, dan Astra kar ya ɗara dish ɗin da fiye da mita biyar, dan Hispasat kuwa mita uku da ɗan wani abu ne iyaka. Wannan na koye shi da kuɗina. Wata shekara a watan Fabrairu na ɗaura wa wani mutumin Fotugal Hispasat a hawa na ɗaya, sigina ta cika fal, akwai wata bishiya a tsallaken titi amma ƙarare ce kawai ba ganye ko ɗaya, ni ban ma kalle ta ba. Watan Mayu sai ga waya, wai hoto yana daskarewa, kafin ƙarshen wata ya ɗauke ɗif. Naje na tsaya bayan dish ɗin na leƙa ta saman hannunsa, bishiyar nan tayi kore shar ta rufe saitin kamar labule. Dole na kwance na mayar can ƙarshen baranda na ƙara waya, kyauta, dan laifina ne. Tunda yanzu akwai manhajojin waya da zaka ɗaga kyamara su nuna maka inda tauraro yake a sama, kayi amfani dasu, kuma in lokacin sanyi ne ka ƙiyasta bishiya da ganyenta.

Kafin ka huda bango ko ka ɗaure wani abu a jikin ƙarfen baranda ta waje, nemi izinin mai gida a rubuce. Nan ba gida bane da zaka kira yaro ya hau da guduma. Gaskiya ne a 1994 kotun tsarin mulki ta Karlsruhe ta yanke hukunci a shari'ar wani Baturke ɗan haya cewa dole a duba haƙƙin baƙo na kallon tashoshin ƙasarsa, kuma mutane suna yawan kafa hujja da wannan, amma tun daga lokacin kotuna sun koma suna duba ko ana iya samun tashoshin ta kebul ko intanet, sannan kai Sifaniyanci ba harshen ƙasarka ta asali bane, dan haka ni bazan ce ka shiga rigima da mai gida kana dogaro da wannan ba. Abinda nafi yi wa ƴan haya shine ƙafar ƙarfe da ake ajiyewa a ƙasan baranda a danne ta da falankin siminti biyu ko huɗu, ba huji ba komai, dish yana ciki bai leƙo waje ba, waya kuma a shigar da ita ta ƙasan taga da ƴar siririyar wayar nan mai faɗi da ake rufe taga a kanta. Randa zaka tashi ka naɗe kayanka. Ita siririyar wayar tana gajiya in ana yawan buɗe tagar, sai ka sa ta a wadda ba a cika taɓawa ba kuma ka sayi biyu ka ajiye ɗaya. In kuwa rufin gida za a hau, wannan aikin mai lasisi ne saboda sai an haɗa wayar ƙasa ta kariyar tsawa.

Girman dish. Astra yana da ƙarfi a nan, santimita 60 yana kamawa, amma ni 80 nake sa wa mutane saboda ruwan Hamburg ka san shi, ba ya sallama, kuma ruwa yana cin siginar tauraro, ɗan rarar da 80 zai baka ita ce bambancin kallo da daskarewar hoto. Dan Hispasat a arewacin Jamus kar ka yi ƙasa da 80, in da wuri 90 ko mita ɗaya. Ka ɗauki na alminiyom, na ƙarfe mai arha shekara uku zakaga tsatsa tana zubo wa mai gida a bango, kuma ka duba maƙalin bayansa da kyau, in roba ce mai laushi iskar hunturu zata dinga gusar dashi. Wani abu kuma, irin dish ɗin da ake sayarwa yanzu mai siffar ƙwai yana kallon sama da fiye da digiri 20 akan yanda fuskarsa take nunawa, dan haka a Astra zakaga kusan a tsaye yake cak, a Hispasat kuwa har sai ya ɗan sunkuya kamar mai kallon ƙasa. Mutane suna ganin haka suce an ɗaura ba daidai ba su ɗaga shi, sigina ta tafi. Kuma wasu maƙalan basa barin dish ya sunkuya haka sai gindinsa ya daki sandar, ka gwada kafin ka biya. Su ƙananan masu faɗi kamar akwati da ake sa wa a baranda dan kar a gane dish ne, suna yi a Astra in sama garau take, ruwa na sauka su ne farkon ɗaukewa.

LNB, wato kan da ke gaban dish, ka sayi wanda aka rubuta Universal, a saitin risiba lambobinsa 9750 da 10600. Mai baki ɗaya na talabijin ɗaya ne, Twin biyu, Quad huɗu. Ka kula da wannan, akwai Quad akwai Quattro, suna kama a ido da suna amma Quattro na manyan gidaje ne da ake haɗawa da akwatin rarrabawa, in ka sa shi kai tsaye a risiba kashi ɗaya cikin huɗu na tashoshi kawai zaka gani ka rasa dalili. Kuma ba a raba wayar tauraro da ƴar mahaɗar nan ta eriya a kai ɗaki biyu, saboda risiba ce take aika wa LNB wuta, volt 13 ko 18 da wani sauti na 22kHz, tana gaya masa ɓangaren da take so, in biyu suka haɗu a waya ɗaya sai su dinga jayayya. Ina baka shawara ka ɗauki Twin ko da talabijin ɗaya gare ka yanzu, bambancin kuɗin kaɗan ne, yara suna girma. Lambar nan ta 0.1dB da suke bugawa a kwali da manyan baƙi kar ta ɗauke maka hankali, talla ce. In Hispasat ne kuma sai ka murɗa LNB ɗin a mazauninsa wajen digiri 25, kana murɗawa a hankali kana kallon ingancin sigina, mutane da yawa anan suke faɗuwa, su samu tauraro amma rabin tashoshi su ƙi fitowa.

In ka duba jerin ka ga lallai kana son taurari biyu, Astra da Hot Bird abu ne mai sauƙi tunda tazarar digiri shida ce, akwai LNB mai kai biyu a haɗe da aka yi musamman dan su, dish 80 ɗaya ya isa. Astra da Hispasat kuwa tazarar ta kusa digiri 50, dish ɗaya na yau da kullum bazai haɗa su ba ko me mai shago zai ce. Ko dai dish biyu ka haɗa su da ɗan suwic ɗin DiSEqC mai sauya tsakanin dish da dish, waya ɗaya ta shigo ɗaki, ko ka sa injin juya dish. Injin yana da daɗi in risibarka tana da USALS, wato tsarin da ke saita injin da kansa, ka sa mata lambobin wurin da kake, Hamburg wajen 53.5 arewa da 10 gabas, ita zata lissafa ta juya, amma sai sandar ta tsaya cak ba karkata ko ɗis, sannan daga Astra zuwa Hispasat sai kun jira daƙiƙoƙi yana tafiya yana ƙara, kuma duk gidan tauraro ɗaya za a kalla a lokaci ɗaya. Mai yara biyu da rimot a hannunsu, ni bana ba shi shawarar inji.

Risiba, in talabijin ɗinka bata da ita a ciki ko kuma jerinta yana baka wahala. Abinda zaka nema DVB-S2 mai HD, in da hali mai karanta H.265, da DiSEqC, da sikanin da yake nemo firikwensi da kansa ba sai an rubuta masa ba, saboda ƙananan tashoshin nan masu yawan ƙaura. Tsohuwar risiba da ka taho da ita ko wani zai baka kyauta in ba HD bace ka barta, ko ARD ta rufe watsawarta ta tsohon tsari tun Janairun 2025, ita ma Sifaniya ta rufe nata na eriya a Fabrairun 2024, yawanci HD ake komawa. Ta Yuro 30 zuwa 60 irin su Edision ko Strong ɗin da muka sani tun gida ta ishe ka. Masu tsada irin su Vu+ da Dreambox na masu son wasa da saiti ne, suna da kyau wajen shirya jeri da ɗaukar shiri, amma ba zasu ƙara maka tasha ko ɗaya ba akan mai arha. Katin HD+ da za a yi maka tallarsa a shago na tashoshin Jamus masu zaman kansu ne, babu ruwansa da Sifaniyanci. Waya kuma ka sayi mai jan ƙarfe zalla a tsakiya, kar kayi rowa anan, kuma ka cire risiba daga wuta kafin ka ɗaura ko ka kwance, dan silin waya ɗaya in ya taɓa na tsakiya zai iya ƙona maka ita. Duka-duka dish da LNB da waya da ƙafa da risiba, in Astra kaɗai ne, da wuya ka wuce Yuro 150 zuwa 200 in da kanka zaka ɗaura.

Nasan za a kawo maka tallar akwatin da "ke buɗe komai", ana sa masa intanet ya buɗe Movistar da ƙwallo duka akan ƴan kuɗi a shekara. Satar sigina ce, doka a nan tana hukunta mai saye ba mai sayarwa kaɗai ba, kai kuma baƙo ne mai takardun da kake lallaɓawa. Banda haka ma basa daɗewa, na ga wanda ya biya shekara guda, wata na uku ana tsakiyar wasa ya tara abokai a falo allo ya yi baƙi, lambar wanda ya sayar masa kuma ta daina shiga. Ni bana ɗaura su kuma bana gyara su. In La Liga kake so, a Jamus DAZN ne suke da ita, sai dai sharhin da Jamusanci.

Maganar yara kuwa, tunda su ne asalin dalilin, gaskiya dish kaɗai bazai riƙe musu harshen ba, dan TVE Internacional da 24 Horas yawanci shirin manya ne, yaro ɗan shekara bakwai bazai zauna kallon Telediario ba. Uwargida zata samu labaranta da wasu wasannin, wannan kam eh. Su yaran ka haɗa musu da intanet, manhajar RTVE Play da ta Clan suna buɗe wasu shirye-shiryen a waje wasu kuma suce ba a ƙasarka ba, Atresplayer yana da tsarin biya na ƴan ƙasashen waje in Antena 3 ake so, sannan duk wani Netflix ko Disney+ da kuke dashi ka shiga bayanan yaran ka mayar da harshen sauti Sifaniyanci, katun da yawa suna dashi. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, wadda ke barin mutum ya kalli abinda ya biya a wata ƙasa ta masu ziyara ce na ɗan lokaci, wanda ya tare gaba ɗaya kamar kai bata shafe shi ba.

Ka turo min hoton soket ɗin bangon, da hoton abinda kake gani in ka tsaya a baranda ka kalli kudu, da lambar samfurin talabijin ɗin da ke rubuce a bayanta, da kuma hawa na nawa kuke. In ramin SAT ɗin nan yana nan, gobe da yamma ma sai ku kalli Telediario na ƙarfe tara.